Masu Bin Sawun Gubar da Ido Ba Ya Gani

A gaɓar rafin Coldwater, arewa da birnin St. Louis na jihar Misuri a Amurka, akan ga wasu ma'aikata suna wata irin tafiya ta daban. Taku ɗaya, sannan wani, babu gaggawa. Kowannensu na riƙe da na'ura yana lilo da ita dama da hagu dab da ciyawa, a bayansa kuma ga jaka mai karɓar saƙon tauraron ɗan'adam tana rubuta duk inda ya taka. Idonsa na ƙasa, kunnensa na kan ƙarar da na'urar ke yi. Mai wucewa zai ɗauka ɓata lokaci suke yi. Amma waɗannan su ne masu awon tururin nukiliya, kuma da awonsu ake yanke hukuncin ko yaro zai iya wasa a fili, ko magidanci zai iya haƙa rami a bayan gidansa. Sana'a ce da ba a yi mata kirari, ga ta kuwa da ilimi da haƙuri da amana da suka isa a tsaya a dube su.

Asalin abin da suke nema ya faro ne a 1942, lokacin da gwamnatin Amurka ta ba kamfanin Mallinckrodt na St. Louis kwangilar tace yuraniyom domin shirin ƙera bam ɗin nukiliya. Daga wannan masana'anta aka sami yuraniyom ɗin da aka yi amfani da shi a gwajin birnin Cikago na ranar 2 ga Disamba 1942, inda ɗan'adam ya fara kunna wutar nukiliya ya kuma sarrafa ta. A shekarun da suka biyo baya kamfanin ya tace dutsen da aka haƙo a Shinkolobwe ta ƙasar Kwango, mahaƙar da wani dutsenta fiye da rabinsa yuraniyom ne. An kwashe abin da ake so, shara ta rage. Daga 1946 aka riƙa jibge ta a wani fili kusa da filin jirgin saman birnin, wata a cikin durom, wata a buɗe, ruwa na dukanta, iska na kwasa. A 1966 aka sayar da ita aka ɗebe ta zuwa titin Latty, tana zuba a hanya. A 1973 aka cakuɗa wani kaso da ƙasa aka juye a bolar West Lake. Filin farko da na biyu duk a bakin rafin Coldwater suke, rafin da ya ratsa unguwannin da yara suka yi shekaru suna wanka da wasa a cikinsa. A 2019 hukumar tarayya mai nazarin guba da cututtuka ta ce waɗanda suka zauna ko suka yi wasa a wajen tsakanin shekarun 1960 da 1990 na iya kasancewa cikin ƙarin haɗarin wasu nau'o'in sankara.

Ba St. Louis kaɗai ba ce. A Rocky Flats, kusa da Denba a jihar Kolorado, an ƙera zuciyar bama-bamai da fulutoniyom daga 1952 zuwa 1989, aka yi manyan gobara biyu a 1957 da 1969, dubban durom na mai mai gurɓata kuma suka yi tsatsa a fili suka tsiyaye. A Hanford ta jihar Washinton, inda aka samar da fulutoniyom ɗin bam ɗin Nagasaki, akwai tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa ɗauke da sharar da ta haura lita miliyan 200. Ban da waɗannan manyan, akwai ƙananan masana'antu da ɗakunan ajiya da yawa da suka taɓa yin kwangila, aka rufe su, aka manta. Domin su ne aka kafa wani shiri na musamman a 1974, wanda a 1997 aka miƙa aikinsa ga rundunar injiniyoyin sojan ƙasa.

Wahalar al'amarin ita ce wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta ƙuna a hannu. Ƙasar da ta gurɓata takan fid da ciyawa kore shar kamar kowace. Ba a kuma iya ƙone ta ko a zuba mata wani magani ta mutu. Lokaci kaɗai ke rage ta, lokacin kuma ba irin namu ba ne. Siziyom-137 na buƙatar shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Radiyom-226 shekara 1,600. Fulutoniyom-239 fiye da shekara 24,000. Toriyom-230, wanda ya fi damun mutanen Coldwater, wajen shekara 75,000. Abin da ya rage wa ɗan'adam shi ne ya gano inda take, ya kwashe, ya kai ta inda ba za ta haɗu da mutane da ruwan shansu ba. Komai girman motar haƙa, makauniya ce in ba wanda zai ce mata nan ne, kuma nan ne iyaka.

Gwanin awo ba da na'ura yake fara aiki ba. Da takardu yake farawa. Yana bin tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama ya ga inda tuli ya taɓa kasancewa, inda kwata ta bi, inda layin dogo ya tsaya. Yana karanta rajistar kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Yana neman tsofaffin ma'aikata ya zauna da su, domin dattijon da ya yi share-share a wajen shekara hamsin da suka wuce shi zai tuna ƙofar da ake watsa ruwan wanke-wanke ta bayanta, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Daga nan ne yake sanin irin gubar da zai nema, wannan kuwa shi ke nuna masa na'urar da zai ɗauka.

Tururin iri uku ne, kowanne da halinsa. Alfa mai nauyi ne, gajeren zango: 'yan santimita kaɗan yake yi a iska, takarda ɗaya ta tare shi, fatar jiki ma ta tare shi. Sai dai in ƙurarsa ta shiga huhu ko ta zauna a ƙashi, a nan yake ɓarnarsa, kuma shi fulutoniyom da toriyom-230 ke fitarwa. Beta ya fi shi nisa, amma faranti na roba ko na alminiyom ya ishe shi. Gama shi ne mai ratsa jiki da bango, sai dalma ko kankare mai kauri ke rage shi. Na'urar da Hans Gaiga da Walta Mula suka inganta a Jamus a 1928, wadda ke ƙas-ƙas-ƙas, ta fi dacewa da beta. Gama a fili ana nemansa da wani dutse mai kama da gilashi da ke walƙiya in tururin ya bugi cikinsa, na'ura na ƙirga walƙiyar. Alfa kuma yana da tasa na'urar mai fuska lulluɓe da leda mai matuƙar sirantaka. Wanda ya ɗauki ta gama ya je neman alfa zai yini yana zagaye, ya dawo ya ce lafiya lau, alhali a kan guba ya yini.

Kafin ya taka filin, sai ya gwada na'urarsa da wata 'yar ƙwayar tururi da aka san ƙarfinta, ya rubuta abin da ta nuna. Kullum safiya haka, da yamma ma yakan sake. In ta kauce daga inda ta saba, awon ranar ya shiga shakka, sai an koma. Sannan ya auna abin da ƙasa ke fitarwa da kanta, domin babu inda na'ura ke yin shiru a duniya. Akwai yuraniyom da toriyom kaɗan a kowane dutse, akwai fotasiyom mai tururi a takin zamani da cikin jikinmu, akwai tururin da ke saukowa daga sararin sama. Kusa da bangon bulo ƙirge yakan ɗaga. Cikin rami yakan ɗaga, don ƙasa ta kewaye na'urar. Bayan an ɗauke ruwan sama yakan ɗaga na ɗan lokaci, don ruwan ya wanko 'ya'yan iskar radon daga sama. Duk wannan sai mai awo ya san shi sarai, ya nemi wani fili mai irin ƙasar da irin dutsen da ba a taɓa gurɓata shi ba, ya riƙe shi a matsayin ma'auni. Gwanintar ita ce ya ji ɗan ƙarin da ke bisa wannan hayaniya ta yau da kullum.

A nan tafiyar nan ta hankali take da ma'ana. Ƙa'idar da aka saba ita ce kamar rabin mita a daƙiƙa, na'ura na kaiwa da komowa 'yan santimita bisa ƙasa. In ya yi sauri, na'urar za ta wuce bisa ɗan wuri mai guba kafin ta tara ƙirgen da zai nuna bambanci. In ya ɗaga hannu saboda gajiya, tazarar ta cinye alamar. Kuma tururi ba ya zuwa a jere. Ƙarar kan taru ta watse haka kawai, ta yi yawa yanzu, ta ragu anjima, ba tare da komai ya canza a ƙasa ba. Allurar na'ura tana da nawa, kunne ya fi ta saurin ji. Shi ya sa ake koya wa ɗan koyo ya saurara maimakon ya ƙura wa allo ido. Da ya ji ƙarar ta ɗan sauya, sai ya tsaya cak, ya riƙe na'urar wuri ɗaya na wasu daƙiƙoƙi. In ta koma yadda take, ya ci gaba. In ta dage, ya kafa tuta. Ma'aikaci mai tsayawa kan kowane motsi ba zai gama fili ba, wanda kuma ba ya tsayawa zai bar guba a bayansa. Tsakanin nan biyu gwani yake, kuma shekaru ke kai mutum can. Yana nan kamar mai bin sawu a daji, wanda ke ganin karyewar ciyawa inda sauran jama'a ke ganin fili kawai.

Awon alfa ya fi wannan tsanani. Dole fuskar na'urar ta kusanci abin da ake aunawa da ƙasa da santimita ɗaya, ba tare da ta taɓa shi ba, don in ta taɓa ta kwashi gurɓata ta riƙa ƙarya. Hannu na tafiya a hankali bisa bango ko bene ko tafin takalmin abokin aiki. Danshi kaɗan ya isa ya ɓoye alfa. Fenti ya isa. A tsofaffin gine-ginen nan kuwa an sha shafe gurɓata da fenti don a danne ta, saboda haka bango na iya yin shiru alhali guba na kwance a ƙarƙashin shafe uku, sai an kankare an kai ɗakin gwaji. Ƙaramin huji a ledar fuskar na'urar kuma yakan bar haske ya shiga, ta ɗauki rana a matsayin guba. Gwani yakan juya ta ga fitila ya saurara kafin ya yarda da ita.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ta fi kowace yawan amfani. Ana ɗaukar 'yar takardar tacewa a goga ta bisa wuri mai faɗin santimita goma da tsawon goma, a saka ta cikin ambulan, a ƙirga abin da ta ɗebo. Da wannan ake raba gubar da ta manne da wadda ke iya tashi ta bi hannu, ta bi iska, ta shiga huhu. In takardar ta nuna ƙirge, gwani ba ya saurin buga ƙararrawa. Yakan ajiye ta ya sake ƙirgawa bayan wasu awanni. In ƙirgen ya zube, 'ya'yan radon ne na ɗabi'a masu gajeren rai. In yana nan daram, to abin da ake tsoro ne.

Inda na fi jinjina musu shi ne inda na'ura ta gaza, hankali ya karɓa. Fulutoniyom da ke cikin ƙasa kusan ba ya jiyuwa daga sama. Amma ana sane da cewa wani kasonsa yana rikiɗewa a hankali ya zama amerisiyom-241, wanda ke fid da gama mai rauni. Sai aka ƙera na'ura mai siririn dutse don jin wannan raunin, a auna amerisiyom, a lissafo fulutoniyom daga gare shi. Da irin wannan aka bi sawun ƙurar da iska ta ɗebo daga filin durom na Rocky Flats. Toriyom-230 na Coldwater ya fi wuya, don gamansa bai kai a dogara da shi ba. Dole a huda ƙasa, a ciro samfur daga zurfi daban-daban, a narkar a ɗakin gwaji, a ware sinadarin, a ƙirga. Kowane samfur kuɗi ne da lokaci, rafin kuma doguwar tafiya ce har ya faɗa kogin Misuri. Saboda haka sai mai awo ya yi tunani irin na ruwa: ina ambaliya ke rage gudu ta sauke laka, ina tsohuwar hanyar rafin ta bi kafin a miƙe ta, wane kwari aka cike da ƙasa aka yi gini a kai. Gubar shekarun 1950 na iya zama kwance a ƙarƙashin mita guda ta laka mai tsabta, kuma wanda ya tsaya a sama ba zai same ta ba.

A Hanford sai da suka koyi halin dabbobi da tsirrai. Wata ciyawar hamada mai dogon saiwa tana zuƙo siturontiyom daga ƙasa, ta bushe, ta tsinke, iska ta mirgina ta nesa. Zomaye sun lashi gishirin shara sun bar kashi mai tururi a daji, har aka yi amfani da jirgi mai saukar ungulu ɗauke da na'urori don gano inda yake. Zanzaro ya ɗebi laka mai gurɓata ya gina ɗakinsa a jikin gini. Littafi bai isa ya shirya mutum ga wannan ba, sai lura da sanin wuri.

Rabin aikin nasu kuma tsaron ran abokan aiki ne. A Rocky Flats akwai gini mai lamba 771, inda wani ɗaki ya gurɓata har na'urorin lokacin suka kasa auna iyakarsa, aka toshe ƙofarsa shekaru da dama. Da aka zo rushe masana'antar, mutane ne suka shiga irin waɗannan ɗakuna cikin riguna masu bututun iska, suka yayyanka akwatunan ƙarfe masu safar hannu da aka sarrafa fulutoniyom a ciki. Kowace tawaga da mai awonta. Shi ke shiga farko ya auna, ya faɗi minti nawa za a yi, a ina za a tsaya, me za a sa a tsakani. Ƙa'idarsu uku ce: rage lokaci, ƙara tazara, sa kariya. Shi ke kallon na'urar da ke shaƙar iskar ɗakin. Shi ke tsaye a bakin fita yana lura da yadda kowa ke tuɓe kaya, ana naɗe waje zuwa ciki, sannan ya bi jikin mutum da na'ura daga hannu zuwa tafin ƙafa. Yana da ikon ya ce a dakata, ko da manaja na kallon agogo. An kammala wannan aiki a 2005, bayan an rushe gine-gine fiye da 800 da kuɗi kusan dala biliyan bakwai. Kewayen ya zama gandun namun daji, tsakiyar kuma har yau tana hannun gwamnati a rufe, ana auna ruwanta, domin akwai abin da aka bari a zurfi.

Magana mafi nauyi a bakin mai awo ita ce ya ce wuri ya tsarkaka. Gano guba hujja ɗaya yake buƙata, amma cewa babu ita yana buƙatar tsari. A 1997 hukumomin Amurka huɗu suka fitar da jagora guda kan wannan. Ana kasa fili gida uku gwargwadon tarihinsa. Inda aka san an gurɓata, ana yanka shi ƙanana, kowane yanki bai wuce murabba'in mita 2,000 ba, a bi kowane taku da na'ura. Wuraren ɗaukar samfur kuma ba son ran ma'aikaci ke zaɓensu ba: ƙuri'a ke fid da wurin farko, sauran su biyo bisa tazara daidai. Tsarin yana farawa ne da ɗaukar cewa filin na da datti, sai alƙaluma sun rushe wannan zato. Kowace kwalbar ƙasa tana da takardar da ke nuna hannun da ta bi, daga rami har ɗakin gwaji.

Duk da haka, tsari ba ya tsayawa sai da mutum mai gaskiya. A tsohuwar tashar jiragen ruwan soja ta Hunters Point a San Faransisko, inda aka kawo jiragen da suka gurɓata a gwajin bam na tsibirin Bikini a 1946, an ɗaure wasu shugabannin aiki biyu na wani kamfanin kwangila wata takwas-takwas a 2018, saboda hannunsu a musanya ƙasar wuraren da ake zargi da ƙasa mai tsabta. Sakamakon haka aikin shekaru ya shiga shakka, aka koma sabon awo, unguwar da ake shirin ginawa ta tsaya. A Coldwater ma, a 2022 wani bincike mai zaman kansa ya ce ya sami gurɓata a makarantar firamare ta Jana, injiniyoyin soja suka auna suka ce ba su sami abin da ya wuce na ɗabi'a ba, amma makarantar ta rufu. Iyayen da aka ɓoye wa gaskiya shekaru da dama ba sa karɓar alƙalami don kawai hukuma ce ta faɗa. Mai awo na ƙwarai ya san wannan nauyi yana kansa. Shi kaɗai ne a fili da tsakar rana, ba mai ganin ko ya rage sauri ko bai rage ba, ba mai sanin ko daga ramin da aka ce ya cika kwalbar. Jama'ar da ba za su taɓa sanin sunansa ba sun dogara da abin da ya yi a wannan kaɗaici.

Wannan ilimi bai yi mana nisa ba. A Arlit da Akokan na Jamhuriyar Nijar an shafe shekaru ana haƙar yuraniyom, mahaƙar Akokan ta rufe a 2021 ta bar miliyoyin tan na shara. Tun daga 2003, masu awo na wata cibiya mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, suka gano ƙarafa masu tururi a kasuwa, daga baya kuma suka gano duwatsun mahaƙa masu tururi a titunan Akokan. Na'ura ce a hannu, da tafiya a hankali, da ƙin yin shiru. A jihar Filato ma, tulin ƙasar da haƙar kuza ta bari yana ɗauke da ma'adanai masu toriyom, kuma ya kamata a auna kafin a ɗebi yashinsa a yi ɗakin kwana.

Saboda haka ina ganin wannan sana'a ta cancanci matasanmu masu karatun kimiyya su neme ta, hukumomi kuma su horar da su, su ba su kayan aiki, su kare su ranar da awonsu ya ɓata wa mai kuɗi rai. Waɗanda suka ƙera bam sun gama nasu cikin 'yan shekaru, an rubuta sunayensu a tarihi. Sharar da suka bari za ta wuce jikokin jikokinmu, kuma kowane zamani zai buƙaci mutanen da suka iya nemanta, suka kuma iya faɗin abin da suka samu ba ragi ba ƙari.